Asetil kuloraid ya cinye min rabin anilin, ruwa ne ko me?

Yar Gwale:
Assalamu alaikum malamaina da yan uwa na wannan zaure. Don Allah ina neman haske. Ina haɗa asetanilaid ne daga anilin da asetil kuloraid saboda aikin furojet, lissafin mol ɗaya da mol ɗaya na yi, amma abin da nake samu bayan na wanke na busar ko rabin abin da lissafi ya ce ba ya kaiwa. Kuma tun ina ɗigawa wani farin abu yake ta taruwa a cikin filas ɗin, da na wanke da ruwa sai ya narke ya bi ruwan. Ita kuma kwalbar asetil kuloraid ɗin ana buɗe ta sai farin hayaƙi ya taso har ya hau hanci. Sufabaiza ɗina ya yi tafiya sai wani satin, ga lokaci yana ta tafiya.

Dan Sharada:
Wa alaikumus salam. Ruwa ne ƙanwata, kar ki wahalar da kanki. Agusta muke ciki fa, iskar Kano yanzu jiƙe take sharkaf, shi kuwa CH3COCl, wato asetil kuloraid ɗin, ko laimar iska ya shaƙa ya tashi daga aiki, ya koma asetik asid da HCl, wato haidirojin kuloraid. Hayaƙin nan da kike gani HCl ne ya haɗu da danshin iska. Ki duba lissafi, giram 78.5 nasa giram 18 na ruwa kacal ke kashe shi, wato giram ɗaya na ruwa zai lalata miki sama da giram 4. Kwalbar da ta shekara ana buɗewa ana rufewa ai wani kaso nata ruwan tsami ne kawai.

Malam Tsohon Lab:
Yata, kafin mu ɗora wa damina laifi, me kika saka a ciki da zai kama HCl ɗin da yake fitowa?

Yar Gwale:
Malam ba komai, anilin ne kawai na narkar a cikin daikuloromitan, sai na ɗiga asetil kuloraid a kai.

Malam Tsohon Lab:
To a nan gizo yake saƙa. Duk lokacin da anilin ɗaya ya kama asetil, HCl ɗaya yake fita, shi kuma HCl ɗin nan ba inda zai je, anilin na gaba zai damƙa ya mayar da shi gishiri, aniliniyam kuloraid. Shi ne farin abin da kika gani yana taruwa, kuma gishiri ne shi ya sa ya bi ruwa da kika wanke. Anilin da ya riga ya karɓi furoton ba shi da sauran ilektron ɗin da zai kai hari da su, ya zama ɗan kallo. Saboda haka ko da yau aka sauke kwalbarki daga jirgi sabuwa fil, in dai ɗaya da ɗaya kika yi babu bes, wato abin da zai kama asid ɗin, kashi 50 shi ne iyakarki, ba za ki wuce ba. Ko dai ki ninka anilin ya zama mol 2, ɗaya ya yi aiki ɗaya ya sha asid, ko ki sa bes irin piridin ko tirayitailamin mol ɗaya da ɗan ɗoriya. Ni na fi son na biyun don ba a asarar anilin.

Dan Sharada:
Ranka ya daɗe na yarda da wannan, amma ta ce ko rabin bai kai ba. Ragowar ina ya tafi? Ni dai ina nan a kan bakana, kwalbar nan ta sha ruwa.

Malam Tsohon Lab:
Ai ban ce kwalbar ba ta da laifi ba, duka biyun za su iya haɗuwa. Ga kuma na uku, asetanilaid yana ɗan narkewa a ruwa musamman mai zafi, in ta cika ruwa wajen sake ƙanƙarar da shi to wani kason ya tafi a nan. Yata ki gwada inda yake narkewa, mai tsabta a digiri 114 yake narkewa, in kika ga ya fara tun ƙasa da haka sosai yana jan lokaci to akwai datti. Kwalbar kuma in kuna da na'urar IR, mai gano sinadari da hasken infrared, ki ɗiba kaɗan a duba, kabonil na asil kuloraid wajen 1800 yake fitowa, na asetik asid wajen 1710, da wani faffaɗan tudu na OH daga 2500 zuwa 3300. In tudun nan ya fito to magana ta ƙare, Dan Sharada ya yi gaskiya.

Dalibi Dan Aji Biyu:
Malamai a yi min afuwa ni ƙarami ne a nan. Abin da ban gane ba, asetik asid ai shi ne a cikin binega har a abinci ake sawa, OH kawai aka cire aka sa kulorin, me ya sa ya zama abin tsoro haka?

Dakta Kabuga:
Tambayarka ita ce gindin maganar gaba ɗaya, kar ka ji kunya. Ka kalli kabon ɗin kabonil, dama oksijin yana janye masa ilektron. A cikin amaid naitirojin yana mayar masa da wasu, ya rufa masa asiri, a esta ma oksijin na biyu yana ɗan yin haka. Shi kuwa kulorin ja yake yi kawai, mayarwar tasa ba ta taka kara ta karya ba saboda obital ɗinsa na 3p ya yi wa 2p na kabon girma, ba sa haɗuwa da kyau. Sai kabon ya zauna tsirara, duk abin da ya zo da ilektron biyu a sake, ruwa ne, alkohol ne, amin ne, zai faɗa masa. Wannan ɗaya kenan. Na biyu, bayan an kai harin an samu tsaka-tsakin nan mai ƙafa huɗu, dole wani ya fita, kuma kuloraid ba ya gardamar fita saboda HCl asid ne mai ƙarfi, kuloraid yana zaune lafiya shi kaɗai. A asetik asid kuwa OH ne zai fita kuma ba ya so, ga shi kafin ma a kai ga nan amin zai karɓe furoton ɗin asid ɗin a samu gishiri a tsaya. Shi ya sa jerin karsashinsu yake asil kuloraid a sama, sai anhaidiraid, sai esta, sai amaid a ƙasa. Daga sama kana iya gangarowa ka yi duk na ƙasa cikin sauƙi, hawa ne ke da wuya, sai ka nemo tayonil kuloraid ko PCl5 ko okzalil kuloraid su ɗaga maka asid ɗin ya zama kuloraid.

Dalibi Dan Aji Biyu:
Allah ya ƙara ilimi Dakta. Wallahi yau na gane abin da ya sa ake zana kibiyar nan sau biyu.

Anti Famasis:
Ni abin da yake burge ni da sinadarin nan tarihinsa. Charles Gerhardt ɗan Faransa ne ya fara haɗa shi a 1852, daga potasiyam asetet da fosforil kuloraid, a 1853 kuma ya haɗa shi da sodiyam salisilet ya samu abin da muke kira asfirin yau, sai dai bai fito da tsabta ba kuma bai bi ta kansa ba. Sai a 1897 Felix Hoffmann na kamfanin Bayer a Jamus ya yi shi da tsabta, da asetik anhaidiraid ya yi, aka yi masa rajistar suna a 1899. Shi kansa asetanilaid ɗin da ƙanwarmu take haɗawa ai magani ne a da, a 1886 aka fara sayar da shi da sunan Antifebrin don zazzaɓi, aka bar shi saboda yana ɓata jini ya hana shi ɗaukar oksijin yadda ya kamata har leɓe ya yi shuɗi. A 1948 Brodie da Axelrod suka nuna jiki yana juya shi ya zama farasitamol ne, kuma shi ke yin aikin. To duk farasitamol ɗin da ake sayarwa a kemis ɗin unguwa asetil ne aka ɗora wa amino finol.

Dan Sharada:
Yawwa Anti kin kawo ni inda nake so. Ku lura, asfirin anhaidiraid, farasitamol anhaidiraid. Masana'antu ba mahaukata ba ne. Me zai sa a ba ɗaliba asetil kuloraid don ta yi asetanilaid alhali anhaidiraid zai yi shi salin alin, har a cikin ruwa ana yi da sodiyam asetet, abin da yake fitarwa asetik asid ne ba HCl mai cin ƙarfe ba, kuma sai digiri 140 yake tafasa? Ni a ganina a gari irin namu asetil kuloraid ya fi zama matsala a kan amfani. Ku je ku ga ƙarfen kabad ɗin da aka ajiye shi ciki, hinjis duk sun yi tsatsa, lebul ɗin kwalaben kusa da shi sun cinye.

Dakta Kabuga:
A kan anilin ban ƙi taka ba, amin mai karsashi ne, anhaidiraid ya ishe shi. Amma kar ka yi masa kuɗin goro. Akwai alkohol masu cunkoso da finol da amin masu sanyin jiki waɗanda zoben benzin ɗinsu ke ɗauke da naitiro, waɗannan anhaidiraid sai ka yi ta dafawa ko ka nemo katalis irin DMAP, kuloraid kuwa ya fi saurin gamawa. Sannan anhaidiraid rabinsa kake amfani da shi rabi ya tafi a asid. In asetil ne ba komai, yana da araha, amma ka ɗauka asid ɗin da ka sha wahala wata guda kana haɗawa ne, za ka yarda rabinsa ya tafi? Ai kuloraid ɗinsa za ka yi da tayonil kuloraid, SO2 da HCl su tashi a iska su bar maka kayanka. Kuma ka gwada da hanyar Fischer, asid da alkohol da ɗigon salfurik, wannan tana zuwa ta tsaya a tsakiya tana kai da komo sai ka yi dabarar cire ruwa, ta kuloraid in ta tafi ba ta dawowa.

Ga kuma hanyar Friedel da Crafts ta 1877. Benzin da asetil kuloraid da AlCl3, wato aluminiyam kuloraid, su ba ka asetofinon. Daɗin wannan a kan ɗora alkil shi ne asiliyam ba ya sauya tsari a hanya, kuma da ketun ya hau sai zoben ya yi sanyi, ba a ɗora na biyu. Sai dai AlCl3 ɗin ba ɗan kaɗan ake sawa ba, sai ya haura mol ɗaya saboda ketun ɗin da ya fito yana riƙe shi ya ƙi saki sai an zuba a ƙanƙara da asid. Ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa a jarrabawa, su rubuta masa katalis su wuce. Ibuprofen ma matakinsa na farko ɗora asetil ne a kan aisobutil benzin ta wannan hanya.

Dan Sharada:
Dakta ibuprofen ɗin ma ai da aka gyara hanyar daga mataki 6 na kamfanin Boots zuwa mataki 3 a 1992, anhaidiraid da HF, wato haidirojin fuloraid, aka koma, don a huta da tulin dattin aluminiyam.

Dakta Kabuga:
Haka ne, a ton dubu lissafin daban ne. Mu muna maganar giram 5 a kan benci.

Malam Tsohon Lab:
Ku bar ni in yi maganar ajiya don ita ce ta fi damuna, kuma littattafan da muke karantawa an rubuta su ne a ƙasashen da ɗaki yake digiri 20. Asetil kuloraid a digiri 51 zuwa 52 yake tafasa. A watan Afrilu Kano tana kai 40 har ta wuce, sito mai rufin kwano da rana tsaka kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Kun ga tazarar ba ta da yawa. Daikuloromitan da yata take amfani da shi a 40 yake tafasa, ita kuwa daiyitail ita 35, wato da bazara suna iya tafasa a kan benci ba wuta. To kwalba ta yi zafi, ga ɗan ruwa ya shiga ya haifar da HCl, mol ɗaya na gas ɗin nan lita 24 ne da wani abu, ko mililita ɗaya na asetil kuloraid ya lalace zai ba ka kusan sulusin lita na gas a cikin kwalbar da ke rufe. Na taɓa ganin murfi ya yi tsalle daga hannun wani yaro yana murɗawa, abin ya fantsamo masa a rigar lab, Allah ya taimaka da tabarau a idonsa. Tun daga nan kowace kwalba a cikin fiyum kabod, kabad ɗin nan mai zuƙe hayaƙi, nake sa a buɗe ta, gilashin a sauke, a murɗa a hankali a bar ta ta yi numfashi tukuna.

Yar Gwale:
Malam to in saka ta a firij ɗin lab?

Malam Tsohon Lab:
In firij ɗin gida ne irin wanda ake sa ruwan sanyi a'a. Tururinsa yana kama wuta tun daga wajen digiri 5, firij na gida kuwa akwai suwic da kwan fitila a ciki masu tartsatsi, ga wutarmu da ake ɗaukewa a kawo, ya ɗumama tururi ya taru sannan wuta ta dawo. Sai firij da aka yi don sinadarai. In babu, ki nemi wuri mafi sanyi a ƙasa nesa da taga, ki naɗe murfin da parafilm, ki sa kwalbar cikin wani mazubi mai murfi da silika jel ko kalsiyam kuloraid a gindinsa. Nesa da alkohol, nesa da amin da alkali, kuma ko kusa kar ya haɗu da sinadarin narkarwa na DMSO, wannan haɗin tashi yake yi da ƙarfi. In kuma daga sanyi kika ɗauko ta kar ki buɗe sai ta dawo zafin ɗaki, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a ciki, kin ga da hannunki kin zuba ruwan.

Kayan gilashi kuma a obin za su kwana ko aƙalla awa biyu a digiri 110 zuwa 120, su huce a desiketa. Ki sa bututun kalsiyam kuloraid a bakin filas. Anilin da bes a ƙasa cikin kwanon ƙanƙara, asetil kuloraid a mazurari mai famfo, ɗigo ɗigo kina juyawa. In anilin ɗinki ya yi ja ko baƙi ki tace shi ta hanyar turara kafin ki fara. Da za ki iya jira ma da na ce aikin nan na hunturu ne, Disamba da Janairu iska a bushe ga sanyi, amma na san furojet ba ya jira.

Anti Famasis:
A ƙara da maganar in ya zuba a jiki, don na ga mutane suna rikicewa, wai tunda ba ya son ruwa kar a sa ruwa. A fata ko ido ruwa za a sakar masa mai yawa, minti 15 ko fiye, a cire rigar da ya taɓa, sannan asibiti. Yawan ruwan shi ke kwashe zafin da asid ɗin. Wanda ya shaƙa a fitar da shi iska, kuma ko ya ce ya warware a kai shi a duba don huhu yana iya kawo ruwa daga baya.

Malam Tsohon Lab:
Madalla Hajiya. Amma in a ƙasa ya zube ko wuta ta kama, nan ba ruwa, busasshen yashi ko abin kashe gobara na hoda. Ragowar da ya saura a mazurari kuma kar a juye a sinki. Shi ake ɗigawa a cikin ruwan ƙanƙara mai yawa, a hankali, sannan a kashe asid ɗin da bikabonet har kumfa ta daina. In aka juya aka zuba ruwa a kansa to kamar ka watsa ruwa a tafasasshen man ƙosai ne, fuskarka zai nema.

Malamin Kimiyya Kurna:
Ina ta bibiya tun ɗazu, na ƙaru ƙwarai. Ni a sakandare nake koyarwa, yara suna haddace esta da amaid ba su taɓa gani ba. Ina tunanin in samo ko mililita 25 in nuna musu yadda yake hayaƙi da yadda yake ba da ƙamshin esta nan take. Me kuka gani?

Dan Sharada:
Malam don Allah kar ka yi. Aji mai yara sittin ko fiye, ba fiyum kabod, ba tabarau, tagogi a rufe saboda ƙura. Ɗigo ɗaya a idon ɗan mutane ya ishe ka baƙin ciki har abada. In ƙamshi kake so ka yi Fischer, aisoamail alkohol da asetik asid da ɗigon salfurik a ruwan zafi, ƙamshin ayaba zai cika ajin, yara ba za su manta ba.

Malamin Kimiyya Kurna:
Na ji, amma kullum haka ake ce mana, kar a yi kar a taɓa, yaro ya gama sakandare bai ga komai ba sai allo. Ya za a yi ya so abin?

Dakta Kabuga:
Damuwarka gaskiya ce kuma ina tare da kai a kanta, amma a kan asetil kuloraid ina bayan Dan Sharada. Ba duka asil kuloraid ne suke da zafin kai ɗaya ba. Benzoyil kuloraid, wanda Wöhler da Liebig suka yi tun 1832, sai digiri 197 yake tafasa kuma yana jinkirin lalacewa a ruwa, shi ya sa a hanyar Schotten da Baumann ake girgiza shi da amin a cikin ruwan NaOH kuma amin ɗin ya riga ruwa kaiwa gare shi. Sai dai yana sa hawaye sosai, shi ma ba na aji ba ne. Wanda zan ba ka shawara shi ne zaren nailon. Hekzametilin dayamin a ruwa da ɗan alkali a ƙasa, sebakoyil kuloraid kaɗan a cikin hekzen a sama, ba sa gaurayuwa, a daidai inda suka haɗu wata fata take fitowa, ka kama ta da hantsaki ka ja, zare ya yi ta fitowa kana naɗewa a sanda har mita da yawa daga ƙaramin bika. Amaid ɗin nan dai da suke haddacewa shi ne, sai dai kowane ɓangare hannu biyu gare shi shi ya sa sarƙar ba ta yankewa. Kevlar ma da ake rigar sulke da shi haka ake yi, tereftaloyil kuloraid da fenilin dayamin, aikin Stephanie Kwolek a kamfanin DuPont na Amurka a 1965.

Malamin Kimiyya Kurna:
Kai, wannan zai ɗauki hankalinsu. Shi ba shi da haɗari?

Malam Tsohon Lab:
Yana da shi, sai dai mai sauƙin sarrafawa ne tunda a tsarme yake kuma ba ya tashi kamar wancan. Dayamin ɗin yana ƙona fata, hekzen yana kama wuta, saboda haka kai kaɗai za ka yi, da safar hannu da tabarau, a waje ƙarƙashin inuwa ko a baranda, yara su ja baya, ba ashana ba risho a kusa. Zaren kuma kar kowa ya taɓa sai an wanke shi da ruwa sosai don yana riƙe ragowar sinadarin a cikinsa. Kuma kar ranar nunawa ta zama ranar da za ka fara gwadawa. Ka same ni ta akwatin sirri mu sa rana, Asabar bayan la'asar ta fi min, ka zo da bika biyu masu mililita 100 da hantsaki mu yi shi tare sau ɗaya tukuna, sannan in rubuta maka awon da za ka yi amfani da shi.

Malamin Kimiyya Kurna:
In sha Allahu Malam, Allah ya saka da alheri. Hekzen ɗin ni zan nemo ko akwai a wajenku?

Malam Tsohon Lab:
Akwai. Safar hannu dai ka taho da taka, ta naitiril, ba ta leda ba.